Makon da Aka Daina Kallon Malam Daidai

Takardar asibitin tana da tambaya goma sha biyu, kuma sha ɗaya daga ciki ba su taɓa ba Malam Daidai wahala ba. Ta bakwai ce ta tsaya masa a wuya.

Shi Malam Daidai ma'aikacin ofishin awo ne, irin waɗanda ke zagaya kasuwa da akwatin duwatsun ƙarfe suna gwada sikelin mahauta da na masu hatsi. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, don in ya ɗora dutse a sikeli abu biyu kawai yake faɗa, ko "daidai" ko "ba daidai ba", ba shi da na uku. Mahauta ba sa ƙaunar ganinsa. Matarsa kuwa, wadda shekara huɗu da aure amma har yanzu Amarya ake ce mata, tun a watan farko ta daina tambayarsa ko sabon ɗinki ya yi mata kyau.

Wata takwas da suka wuce ciwo ya same shi. Ya fara da rashin barci, sannan ya tabbata a ransa cewa fitilun kan titi suna da ido, kuma mai karanta labarai a rediyo da shi yake. Ya lilliƙe tagogi da jarida, ya naɗe rediyon a bargo ya danna a ƙarƙashin gado. Yayarsa da Amarya suka kai shi wani sashe na asibiti da ke karɓar masu irin wannan lalura tun tana sabuwa, kafin ta yi jijiya. Aka ɗora shi a kan magani, yana kuma zama da likita duk mako. Likitan ya koya masa abu guda da ya shige shi sosai: duk abin da zuciyarka ta faɗa maka, ka ce ta kawo shaida. Wannan ai aikinsa ne tun asali. Da haka ya auna fitilun titi ya samu fitilu ne kawai, ya fito da rediyo daga ƙarƙashin gado. Har yau in ya tuna waɗancan watannin kunya da tsoro ne ke kama shi tare, kuma ba ya son a ɗauko zancen.

Yanzu abu ɗaya ya rage. Ofis ya ba shi hutun rashin lafiya na wata tara, wanda zai ƙare a ƙarshen wannan watan. In ya kawo takardar asibiti cewa ya samu sauƙi, akwatinsa na nan yana jiransa. In bai kawo ba, za a yi masa ritaya yana ɗan shekara talatin da ɗaya. Takardar kuwa ba likita ke rubuta ta da hannu ba. Kwamfuta ce ke fitar da ita, kuma ba ta fitarwa sai fuskarta ta yi kore.

Ga yadda abin yake. Duk wanda ke wannan sashe, lokaci-lokaci ana zaunar da shi a karanta masa tambayoyin nan sha biyu don a ga ko magani yana aiki. Kowace tambaya amsa huɗu gare ta: ko kaɗan, kaɗan, sau da yawa, kullum. Ko kaɗan ba shi da maki, kullum maki uku. A tara duka. Biyar zuwa ƙasa kore ne, shida zuwa sama rawaya. Malam Daidai yana da maki huɗu da suka zauna masa daram: ɗan rawar hannu, ɗan ƙiba da magani ya sa masa, ɗan nauyin jiki da safe, da ɗan tunanin gobe. Wannan ba komai ba ne, rabin mutanen da ke tafiya a titi sun fi haka.

Ran nan da safe yana zaune a ɗaki mai lamba huɗu, gaban nas ɗin da kowa ke kira Sista. Ɗakin tebur ɗaya ne, kujera uku, fanka mai kuka, sai sikelin auna mutane a lungu wanda duk zuwa sai ya gaya mata yana ƙara giram ɗari uku.

Sista ta ce, "Ta bakwai. A kwana bakwai da suka wuce, ka ji cewa ana sa maka ido, ko ana rubuta abin da kake yi?"

"Kullum."

Ta janye hannu daga kan kwamfutar ta dafe goshi. "Malam, mun yi wannan wancan watan."

"Mun yi. Wancan watan sau da yawa na ce, don a lokacin matata ce kawai ke ƙirga ƙwayoyin magani, sai Inna, mahaifiyata, da ke zama a bakin ƙofa. Kika ce na faɗa rawaya, dokarku kuma ta ce wanda ya faɗa rawaya a ƙara lura da shi. Yanzu ke kina bugo min waya Litinin da Alhamis. Yayata kun ba ta littafi tana rubuta ƙarfe nawa na tashi, loma nawa na ci. Jiya na yi atishawa ta rubuta. Wannan ba sau da yawa ba ne, Sista, kullum ne."

"Ba irin wannan sa idon ake nufi ba."

"To ki karanta min wanda ake nufi."

Ta sake duba fuskar kwamfutar, ko za ta ga wani layi da ya ɓuya mata shekara shida tana wannan aiki. Babu. Akwatuna huɗu ne kawai, ba a yi wa "amma" gida ba. Ta ce bari ta danna ko kaɗan ita da kanta, tunda ita da shi duk sun san lafiyarsa lau. Ya ce ta danna, amma a ƙasa akwai wurin da zai sa hannu cewa amsoshinsa ne, kuma shi ba ya sa hannu a kan abin da bai faɗa ba. Ta danna kullum kamar mai kashe kyankyaso. Maki bakwai. Rawaya.

Ta je ta kira likita. Malam Daidai dama ya zo da shirinsa, sai ya zaro fayil daga jaka ya miƙa. A ciki akwai jerin ranaku da sa'o'in da aka bugo masa waya, da shafi goma na littafin yayarsa da ya kwafa da hannu, da zanen gidansu inda ya sa ɗigo a duk wurin da Inna ke zama. Fuskar likita ta canza. Shi dai a iya saninsa, duk majinyacin da ya zo da fayil na masu bibiyarsa, ƙarin magani ake yi masa. Har ya zaro biro daga aljihu, sai ya buɗe shafin ƙarshe ya ga takardar umarnin a ƙara lura da majinyaci.

Likita ya ce, "Wannan ai sa hannuna ne."

"Naka ne, Likita. Kai ka ce in dinga neman shaida."

Likita ya mayar da biro. Ya zauna a kujera ta uku, ya jawo kwamfutar ya danna maɓallin fitar da takarda. Bai dannu ba. Ya sake dannawa da ƙarfi, kamar ƙarfi ne ya yi ƙaranci.

"Malam, ni na san ka samu sauƙi. Da za a tambaye ni a kotu zan rantse. Amma ka gani da idonka, ba ya dannuwa. Waɗanda suka tsara shi ba a nan suke ba, kuma wasiƙar da na rubuta musu bara kan wani abu daban har yau ba amsa." Ya duba kalanda. "Za a iya sake yi maka tambayoyin nan da kwana takwas. Shi ne na ƙarshe kafin wata ya mutu."

Da la'asar aka yi zama a falo. Yaya ce ta buɗe taro, littafinta a cinya, biro a bayan kunne. Mace ce da ta riƙe shi tun yana goye, kuma har gobe ba ta yarda ya girma ba.

"Auta, kai wane irin mutum ne? Ka ce a'a mana! Kalma ɗaya. Mutane suna yin ƙaryar da ta fi wannan kafin su karya kumallo."

"Yaya, yanzu haka kina rubutawa."

Ta dubi hannunta, ashe har ta sauko da biron. Ta rufe littafin ta zauna a kansa.

Inna daga bakin ƙofa ta ce ita ba kallonsa take yi ba, iska take sha. Aka tuna mata cewa ƙofar ɗakinsa ce, ba ta waje ba.

Malam Daidai ya bari suka gama, sannan ya yi magana a hankali, kuma ba wasa a muryarsa. "Wata takwas na yi ina koyon raba abin da yake akwai da abin da babu. Na sha wuya kafin na iya. Da ina cewa ana kallona alhali ba kowa, kuka ce ciwo ne, kuma gaskiyarku. Yanzu kuna so in ce ba a kallona alhali ga Inna can. In na fara wannan, ban san inda zan tsaya ba. Tsoro nake ji, Yaya."

Amarya ce, wadda tun ɗazu take ninke kayan wanki, ta ɗago kai.

"To a daina kallonsa mana. Kwana bakwai aka ce, ko? Mu yi kwana bakwai ba mu kalle shi ba, sai ya faɗi gaskiyarsa."

Wannan magana, in ka ji ta daga nesa, shirme ce. Amma duk wanda ya zauna ya juya ta sai ya rasa ta inda zai kama ta. Aka bugo wa Sista, ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta ce tana da hutun mako ɗaya da ta daɗe ba ta ɗauka ba, kuma wanda ke hutu ba ya buga wa majinyaci waya, doka ce. Aka kulle littafin Yaya a akwati aka ba maƙwabciya makullin. Inna ce ta ba da wahala. Sai da aka yi mata bayani sau uku cewa aikin ɗanta ne a kan layi, sannan ta ja kujerarta ta juya ta ga bango, tana ta ƙunƙuni cewa ita ta haife shi amma kwamfuta ce za ta gaya mata inda za ta sa idonta.

Ranar farko abin dariya ne. Amarya ta kawo shayi tana kallon silin, ta tsiyaya rabi a kofi rabi a tebur. Yaya ta ci karo da shi a lungun banɗaki, ta runtse ido ta bi bango da laluben hannu har ta fita. Inna ta gano cewa in ta riƙe murfin tukunya a wani kusurwa tana hango shi ta baya, aka kama ta aka ƙwace murfin. Shi kansa ya ji wani irin sauƙi, kamar wanda ya cire takalmin da ya matse shi. Ya yi atishawa sau biyu a falo don kawai ya ji daɗin babu mai rubutawa.

Rana ta biyu da safe ya haɗiye ƙwayarsa, ya juyo ya buɗe baki ya ɗaga harshe kamar yadda ya saba nuna wa Amarya cewa ta wuce. Bayanta ya gani. Ya tsaya da baki buɗe na ɗan lokaci, sannan ya rufe.

Amma Malam Daidai ba mutumin da zai karɓi abu a kan an ce ba ne. Dole ya gwada. Ranar ta uku ya sa riga a bai-bai ya yini da ita, babu wanda ya tanka. Ya ga wannan gwajin ya yi sauƙi, don mai leƙe zai iya gani ya yi shiru. Ana buƙatar abin da ba wanda zai gani ya iya daurewa. Don haka ranar ta huɗu ya ɗauki reza ya aske rabin gashin bakinsa, na dama, ya bar na hagu. Ya fito ya zauna a tsakiyar falo. Ya ci abinci da su a haka, kowa ya ba shi ƙeya. Yaya, wadda ko ƙuda ya faɗa a kofi sai ta yi dariya, tana can tana ba bango labarin maƙwabta. Kwana biyu ya yi da rabin gashin baki, ko tari babu wanda ya yi. Ya gamsu. Sun cika alkawari, ba algus.

A daidai nan ne abin ya daina ba shi dariya. Suna yi masa magana, ba wai sun yi gaba da shi ba, amma magana ce da ake jefawa sama ta faɗo inda ta ga dama. In ya ba da labari ba ya sanin ko ya yi daɗi. Ya fita ya zagaya unguwa da hula a kan baki, ya daɗe da gangan, ya dawo, ba wanda ya ce ina ka tsaya. Ya zauna kusa da Inna har gwiwarsa tana taɓa kujerarta, tana jan carbi tana kallon fenti. Ya tuna cewa ko a tsakiyar ciwonsa, lokacin da duniya ta zame masa abin tsoro, aƙalla fitilar titi ta damu da inda yake. Tunanin ya ba shi dariya, dariyar kuma ta ƙare masa da ƙwalla, ya share da kansa tunda babu mai gani. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan makon ba, a gidan da ke cike da mutanen da suka fi kowa sonsa. Ranar ta shida ya aske ɗaya rabin.

Ranar ta takwas suka tafi asibiti shi da Amarya, don zaman ƙarshe sai da wani na gida da zai sa hannu a matsayin shaida. A mota ta kalli taga. A ɗaki mai lamba huɗu ta ɗauki kujera ta juya ta ga bango, don kada a ɓata aiki a bakin ƙofa. Sista ta dawo daga hutu fuskarta har sheƙi take. Ta bi tambayoyi shida na farko a guje, makinsa huɗu na nan inda suke.

"Ta bakwai. A kwana bakwai da suka wuce, ka ji cewa ana sa maka ido, ko ana rubuta abin da kake yi?"

"Ko kaɗan."

"Ka tabbata?"

"Na gwada."

Sista ta danna, ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. "Amarya, juyo! An wuce wurin."

Amarya ta juyo da kujera tana murmushi, ta ɗora ido a kan mijinta karo na farko a kwana bakwai. Murmushin ya tsaya. Ta ga leɓensa na sama fayau, ta ga inda reza ta yanke shi har ya fara warkewa, ta ga idanunsa sun faɗa. Ta kai hannu baki. Ita ta kawo shawarar nan, kuma sai yanzu ta fara lissafin abin da ya faru a bayanta a cikin gidanta.

Sista ba ta lura ba, tana sauri. Ta takwas, ko kaɗan. Ta tara, ko kaɗan. Ta goma, ko kaɗan. Ta sha ɗaya kuwa tambaya ce da tun da ya fara zuwa ba ta taɓa tsayawa a kanta ba, don amsarsa ɗaya ce kullum, har ta ɗora yatsa a kan akwatin farko.

"A kwana bakwai da suka wuce, ka ji kamar kai kaɗai ne, ko da akwai mutane kusa da kai?"

Ya sauke ido a kan tebur.

Fanka ta ci gaba da kukanta. Sista ta ɗago ta dube shi, ta dubi Amarya, sai ta gane. Ta yi lissafi a ka: huɗu da uku bakwai, huɗu da biyu shida. Aikin mako guda zai zube a wurin da ba wanda ya zata. Ta sunkuyo ta rage murya, duk da ɗakin bai kai girman da za a yi sirri a cikinsa ba.

"Malam, in ka ce kaɗan, biyar ne. Biyar kore ne. Ka ji ni? Kana da wurin maki ɗaya."

Ya ji ta. Amsar gaskiya tana bakinsa, kullum ce, kuma ya san ta kamar yadda ya san sunansa. Ya dubi Amarya. Ta damƙe bakin mayafinta da hannu biyu, tana jiran amsar kamar mai jiran hukunci, kuma ba kwamfutar take kallo ba.

Ya ce, "Ko kaɗan."

Sista ta daɗe tana dubansa kafin ta danna. Ta karanta ta sha biyu, ya amsa. Fuskar kwamfuta ta yi kore. Aka juyo masa da takardar amsoshi, ya karanta daga sama har ƙasa kamar yadda ya saba, ya sa hannu. Likita ya shigo ya danna maɓalli da yatsa ɗaya, na'ura ta yi gurnani ta turo takardar komawa aiki da ɗuminta. Ya yi masa murna, ya ce irin wannan sakamako ne ke nuna cewa tsarin yana aiki.

Sai da suka fita harabar asibiti, suka wuce masu gadi, sannan Amarya ta yi magana.

"Malam, ka yi ƙarya."

"Na yi."

"Sista ta ce ko da ka ce kaɗan za ka samu takardar."

"Na ji ta."

"To don me?"

Ya juya ambulan ɗin a hannunsa. "Kina zaune a wurin."

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya har wani mai keke ya kauce yana tsaki. Ta share ido da bakin mayafi, ta zagayo ta tsaya a gabansa, sannan ta fara tafiya da baya, fuskarta a kan tasa. Ya ce za ta faɗi. Ta ce to ya dinga gaya mata inda rami yake. Haka suka nufi tashar mota, ita da baya shi da gaba, mutane suna darewa suna waige, yana cewa dama, hagu, ɗaga ƙafa.

Can ta ce, "Nan da wata uku za su sake yi maka ta bakwai."

"Na sani," in ji shi. "Ki dai ci gaba."